Wa Zai Gaya wa Yaya Rilwanu

Idan mutum ya ga ruwa na neman cinye ka, ya ce ya yarda ka sake shi ka tsira, wannan yarda tasa ce, ko halin da ya gan ka a ciki ne ya ƙwace ta daga bakinsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na sakandare na tsaya. Sauran abin da na sani a ɗakin karatu na Germantown, garin da muke zaune a Amurka, na tsince shi, a ɗan lokacin da ke tsakanin gyaran injin wanki ɗaya da na gaba. Na karanta malaman fiƙihu, na karanta Turawan da suka ƙarar da rayuwarsu kan gardamar daidai da ba daidai ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama gida ɗaya da Yaya Rilwanu.

Yaya ya girme ni da shekara shida. Shi ya fara zuwa Amurka, karatun injiniya a College Park, shi kuma ya yi mini hanya na biyo shi. Yana shekara ta uku a digirinsa na ƙarshe ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Likitoci huɗu suka gwada, sau uku ana kwantar da shi. Akwai ranar da 'yan sanda suka kawo mini shi daga gefen babbar hanya ta 270, ba takalmi, yana auna ƙafar gada da taƙi. Bai samu natsuwa ba sai a hannun Dakta Katung, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya fara da tambayarsa gajiya da Hausa kafin ya tambaye shi komai. Yau shekara bakwai ke nan, allura ɗaya a wata, Yaya yana ƙaramin ɗakinmu lafiya lau.

Da na je Funtuwa jinyar Inna ta ƙarshe, ta kama hannuna ta ce, "Kada ka bar shi a hannun bare, Maitama, ko da ƙafa ɗaya ta rage maka." Na ce to.

Matata Najiba saura mata wata huɗu ta gama koyon aikin likitar masu taɓin hankali a wani asibiti a Washington. Da bashi ta yi karatun, dala dubu ɗari uku da sittin. Rabi na gwamnati ne, rabi na banki, kuma kawunta Zulkifilu ne ya tsaya mata a na bankin. Tsoho ne ɗan shekara saba'in, ya yi shekara talatin yana tuƙa tasi kafin ya mallaki ɗan gidansa. A watan Nuwamba na zame a matakala ina ɗauke da injin busar da kaya, bayana ya tashi aiki. Wata huɗu ban shigo da ko sisi ba. Biya uku ya wuce mu, banki ya fara rubuta wa Kawu.

Ranar wata Asabar da safe, yara suna kallo a falo, Najiba ta baje takardu uku a teburin kicin.

"Abban Umaima, zauna. Ba maganar tsaye ba ce."

"Bayana ya fi son tsayuwa."

"To tsaya, amma ka ba ni kunne." Ta taɓa ta farko. "Wannan aikin soja ne. Za su biya, su kuma tura ni duk inda suka ga dama. Kai za ka riƙa yi wa Umaima kitso?"

"Wuce."

"Wannan kuma in zauna a nan, in yi shekara goma a asibitin gwamnati, sannan a yafe abin da ya rage. Amma na gwamnati kawai. Wanda sunan Kawu ke kai, ko kwabo ba za su taɓa ba."

Ta uku ta fi daɗewa a hannunta. Wani ƙaramin asibiti ne a garin manoman alkama, can arewa maso yamma, jirgi biyu da tafiyar awa huɗu a mota. Shekara shida ba su da likitan ƙwaƙwalwa. Idan ta ɗauki alkawarin yi musu shekara uku, za su biya abin da ya taru na banki a makon da ta sa hannu, sauran kuma su riƙa saukewa duk shekara. Suna jiran amsa zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'a.

Na ce, "Ai shi ke nan. Mu tattara, har da Yaya."

"Wa zai riƙa duba shi a can?"

"Ba asibiti ba ne?"

"Ni ce asibitin, Abban Umaima. Ni kaɗai, daga garin har tafiyar wuni. Ƙa'idar aikinmu ta hana ni duba ɗan gida. Ko da ma ba ta hana ba..."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Najiba a hannun kakarta ta tashi a Daura, kuma yayan miji a wurinta kamar suruki yake. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa zama a inda yake zaune ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, ta ajiye kwano ta juya. Idan ta ga hannunsa ya fara rawa ko barcinsa ya ragu, ni take gaya wa, ni in gaya wa Katung. Ni ma ban taɓa ganin laifin haka ba. Har alfahari nake yi da shi a gaban abokai.

Ta ce, "Dakta Katung ya yi mini maganar wani gida kusa da College Park. Maza shida ne a ciki, masu irin ciwon Yaya, wata nas 'yar Jos ke riƙe da shi, Madam Olive. Akwai ɗaki ɗaya da babu kowa."

"Ba da hannuna ba."

"Ban ce..."

"Ba da hannuna ba, ba da motata ba. Ko ƙofar gidan ba zan taka ba."

"To aƙalla ka gaya masa halin da ake ciki, a ji ta bakinsa."

"Ke ce likita. Kin fi ni sanin yadda ake faɗa."

"Ni matar ƙaninsa ce," in ji ta, ta tattara takardun. "In zauna a gabansa in ce, Yaya, ina za mu ajiye ku? Gara ƙasa ta tsage in shige."

Ran Litinin Kawu Zulkifilu ya kira ni. Muka gaisa har muka gaji. Ya tambayi bayana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Malam Rilwanu, ya tambayi sanyi. Har na ɗauka zai yi sallama, sai ya yi gyaran murya.

"Af, wasu mutane ne suke ta rubuto mini wasiƙa. Ina jin kuskuren adireshi ne. Ta jiya har da jan rubutu, wai lauya. Na ce bari in ji ko ku ma suna damunku."

"Kawu, in sha Allahu..."

"A'a, a'a, ba komai. Kada ka gaya wa yarinyar nan, tana fama da karatu."

Na ajiye wayar. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Washegari na shiga ɗakin Yaya da niyyar faɗa masa. Na same shi yana duba aikin lissafin Umaima da jan biro, tabarau a kan hanci. Ɗakin tsaf kamar kullum: gado, darduma, rediyo, littattafansa na jami'a a jere bisa tsawo.

"Malaminsu rago ne," in ji shi. "Yana ba su amsa kafin su ji zafin tambaya. Ya bayan?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Ƙarya kake. Tafiyarka ta agwagwa ce. Me ya kawo ka?"

Na buɗe baki. Na dubi hannunsa, na ga ba ya rawa. Na tuna ƙafafunsa a ranar nan ta gefen hanya, yadda kwalta ta saɓule musu fata.

"Gobe ranar allura ce," na ce.

"Na sani. Ni ke tuna maka kullum."

A asibitin Katung, bayan an yi allurar an bar Yaya ya huta, likitan ya ja ni zuwa ofishinsa. Gajere ne mai sanƙo, dariyarsa ta fi jikinsa girma.

"Malam Maitama, shehin masu gyaran injin wanki. Me littattafanka suka ce?"

"Sun yi shiru, Dakta. Ba za ka iya duba shi ta waya daga can ba? Ta bidiyo?"

"Lasisina bai kai can ba. Ko ya kai, ka manta abin da ya yi wa talabijin ɗinku? Mutumin da ya yarda ana leƙensa ta gilashi, shi zan ce ya zauna gaban gilashi ya buɗe mini cikinsa?" Ya zauna a gefen tebur. "Kuma ba allurar ce kawai ba. Ranar da abin ya motsa, ana bukatar wanda ya san shi a kusa, cikin awa ɗaya. A can ɗan sanda ne zai fara isowa, kuma bai san shi ba."

"To mu zauna."

"Ku zauna, tsoho ya rasa gida. Matarka ta gaya mini. Shi me ya ce?"

"Wa?"

"Wa kuma? Mai ɗakin. Kun tambaye shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Kai, ku Hausawa! Wata rana kunya za ta kashe ku a bar mana garin. Mutum ne fa, ba buhun masara ba, da za ku tsaya kuna shawarar rumbun da za a zuba shi. Ya fi ni da kai lissafi."

"Idan maganar ta tayar masa da ciwon fa?"

"Tana iya tayarwa," in ji shi, bai yi dariya ba a wannan karon. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Olive za ta riƙe ɗakin zuwa ƙarshen wata, daga nan akwai masu jira."

A hanyar komawa Yaya ya yi barci a kujerar gefena. Ni kuwa ina ta awo a raina. A gefe ɗaya maganar matacciya, wadda ba za ta dawo ta sassauta ba. A ɗaya gefen gidan rayayye, wanda ya sa hannu don ya yarda da mu. Na ce wa kaina shekara uku ba mutuwa ba ce. Na amsa wa kaina cewa ga mai irin ciwon Yaya mako uku ma ya isa. Duk hujjar da na gina, kafin mu kai fitilar gaba na rushe ta da hannuna.

Ran Alhamis da yamma na je tashar jirgin ƙasa ɗauko Najiba. Ta shigo mota, idanunta sun kumbura. Ban tayar da motar ba.

"Mutanen garin alkama sun sake kira," ta ce. "Akwai wani likita da ke jira idan na ƙi."

"Ki ce su ba shi."

"Kawu fa?"

"Zan koma aiki."

"Da wane bayan? Jiya a zaune ka yi sallah."

Zafin gaskiyar ne ya sa na faɗi abin da na faɗa. "Da tun farko ba ki ɗauko wannan bashi ba, da ba mu ga haka ba. Wa ya ce dole sai kin zama likita?"

Ta juyo ta dube ni sosai. "Shekara huɗu da nake makaranta, da me aka cika kuɗin haya? Ɗakin da Yaya ke kwana, da kuɗin gyaran inji aka ƙara shi? Cikin bashin nan ne. Ban taɓa faɗa ba, kai ma ba ka taɓa tambaya ba."

Jirgi na gaba ya zo ya zubar da mutane ya wuce. Ta sa fuska a tafin hannu.

"Yau mutum tara na zaunar," ta ce. "Kowanne na dube shi ido da ido na ce, me kake so a yi maka? Baƙi, waɗanda ban san iyayensu ba. Na gidana kuwa kwano nake ajiye masa a ƙofa."

Ban ba ta haƙuri ba. Ya kamata in ba ta, amma na tayar da mota.

Ran Juma'a ba ta je aiki ba. Bayan motar makaranta ta kwashe yara, na ga ta fito da babban hijabinta na zuwa Idi, takardar nan ta uku a hannunta. Ta wuce ni a falo ba ta dube ni ba. Ta yi sallama a ƙofar Yaya, ya amsa. Maimakon ta durƙusa a bakin ƙofa, sai ta shiga, ta zauna a ƙasa kusa da dardumarsa. Na bi ta na tsaya a jikin ƙofar.

Yaya ya cire tabarau. Shi ma kansa ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaya, ku gafarce ni," in ji ta. "Magana ce da ku, kuma babu mai kawo ta sai ni."

"Ta garin alkama?"

Ta ɗago kai.

"Bangon nan kwali ne da fenti," in ji shi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "Tun Asabar nake ji. Da farko na ɗauka mutanena ne suka dawo, har na tsorata. Sai na ji ana maganar kuɗin ruwa. Nawa ba sa lissafi, zagi kawai suka iya."

Ba wanda ya yi dariya sai shi, ita ma gajeriya.

"Kawo in gani."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya mayar da tabarau ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, har ƙananan rubutun ƙasa. Ya ɗauki jan bironsa ya ja layi a wani wuri.

"Nan sun ce idan kin bar aikin kafin shekara uku, za ki mayar da abin da suka biya har da tara. Kin gani?"

"Na gani, Yaya."

"To idan kin je, babu dawowa don an ce ciwona ya tashi. Ki san da wannan." Ya ajiye takardar a gwiwarsa. Na ga babban yatsansa ya fara motsi. "Gidan matar nan, ana kulle mutum a ɗaki?"

"Ba a kullewa. Ƙofar waje kawai, da dare."

"Akwai talabijin?"

"A falo. Babu a ɗakuna."

"Katung fa?"

"Minti goma ne daga wurinsa. Ya ce zai riƙa leƙowa."

"Umaima za ta iya kira? Da waya mai murya, ba mai hoto ba."

"Kullum, in kun so."

A waje wani yana ta fama da mota ta ƙi tashi.

"Idan na ce a'a fa?"

"Sai in ƙi sa hannu," in ji ta. "Wallahi sai in ƙi."

"Sai gidan Zulkifilu ya tafi."

Ta dubi takardar da ke gwiwarsa.

"To ai ba tambaya kika kawo mini ba, 'yar nan," ya ce a hankali. "Amma na gode da kika shigo da ita har ciki. Shekara ashirin ke nan ana yanke mini abu a bayan ƙofa."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai kuma da ka tsaya kamar mai gadi. Ɗauko makulli, in ga gidan kafin lokacin masallaci."

"Yaya, Inna ta ce..."

"Na san abin da ta ce maka. Ni ma ranar da ka sauka daga jirgi ta kira ni, ta ce ga Maitama nan, amana, kada in bari ya wulaƙanta a ƙasar mutane. Ban ji ta janye ba." Ya miƙe, ya dafa bango. Yanzu hannun gaba ɗaya ke rawa, ya cusa shi a aljihun riga. "Ban ce na yarda ba tukuna. Na ce in gani. Idan na tsaya jiran ka gama tunani, ƙarfe biyar za ta yi."

Na so in ce masa tsoro nake gani a fuskarsa, ba yarda ba. Na so in ce wa Najiba ta yaga takardar, Allah zai kawo wata hanya. Na duba ko'ina a raina ban ga hanyar ba.

Ya sa hularsa, ya sa takalmi, ya tsaya gyara littafi ɗaya da ya ɗan fito daga layi. Najiba ta matsa gefe ya wuce.

Tafiyar minti arba'in ce. Bai yi magana ba sai sau ɗaya, da muka hau babbar hanya, ya ce in rage gudu. Hannunsa na dama yana riƙe da murfin ƙofa har muka isa. Gidan jan bulo ne mai hawa ɗaya a ƙarshen wani layi, da kujeru biyu na roba a baranda. Na kashe mota. Muka zauna.

"Ƙafafuna sun yi nauyi," in ji shi. "Je ka fara."

Na fita, na zagaya na buɗe masa ƙofa, na kama shi ta gwiwar hannu. Muka hau matakala uku, shi yana jingine da ni, ni ina cije leɓe saboda bayana. Na danna ƙararrawa.